Jimlar Turancinka ta ƙi zama: manhaja, ƙamus, ko malami?

Ɗiyar yayata ta gama karatun aikin jinya, ta yi wa ƙasa hidima, yanzu tana neman gurbin digiri na biyu a Ingila. Wata Asabar bayan la'asar ta shigo gidana da kwamfuta a hammata, muka gaisa, ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba ta buɗe.

"Kawu, don Allah duba mini wannan. Na karanta ta fi sau ashirin. Na san akwai abin da bai zauna ba, amma na rasa ko mene ne."

Ga jimlar da ta buɗe takardarta da ita:

*Although my village is far from hospital but I have the interest to help the women that they are suffering during delivery, which this is what made me to study nursing.*

Babu Bahaushen da zai karanta wannan ya ce bai gane ba, domin Hausa ce aka sa wa rigar Turanci. Tuɓe rigar ka gani: ko da yake ƙauyenmu yana nesa da asibiti, amma ina da sha'awar taimaka wa matan da suke shan wahala wajen haihuwa, wanda wannan ne ya sa na karanta jinya. Kalma bayan kalma, kowace tana inda Hausa ta ajiye ta. Shi kuwa Baturen da zai karanta, ga tarin takardu a gabansa, sai ya yi tuntuɓe sau biyar ko shida kafin ya kai aya.

Na daɗe ina koyar da Turanci da yamma, kuma tambayar da aka fi yi mini ke nan: in jimla ta ƙi zama, wa za a kai wa ƙara? Hanyoyin da mutane ke bi a yau huɗu ne. Akwai manhajar duba nahawu, akwai ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, akwai ƙamus da rumbunan rubutu, sannan akwai mutum mai jan biro. Duk huɗun mun bi da jimlar yarinyar nan a ranar. Sai dai kafin a zaɓi magani ya kamata a san cutar, don ba iri ɗaya ba ce.

Wata jimlar doka ta karya, a fili. Hausa na son "ko da yake" da "amma" su zo tare, Turanci kuwa ɗaya yake ɗauka, ko *although* ko *but*. Mu muna cewa "gidan da muka kwana a cikinsa", "mutumin da na ba shi kuɗi", wato sau da yawa wakilin suna yakan dawo a cikin maganar. Turanci ya hana wannan dawowar, shi ya sa *the women that they are suffering* ke sukar kunnen mai harshen. Muna da shawarwari, bayanai, kayayyaki, sai hannu ya zarce ya rubuta *advices*, *informations*, *equipments*, alhali kalmomin nan ba su da jam'i a Turancin yau da kullum.

Wata kuma ba ta karya dokar kowa ba, abokan tafiya kawai ta haɗa wa kalma ba nata ba. Ka ɗauki "sha". Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha taba, mu sha mangwaro, mu sha iska, mu sha wahala. Turanci ya rarraba wannan aiki ga kalmomi daban-daban: *drink*, *take*, *smoke*, *eat*, da sauransu. Haka "ji" ke ɗauke da jin magana, jin wari, jin yunwa da jin yare. Shayi mai kauri a wurinsu *strong tea* ne, ruwan sama mai ƙarfi kuma *heavy rain*. In kana so ka ji yadda abin ke sauka a kunnensu, ka tuna Baturen da ke koyon Hausa ya ce maka ya ci fura, ko matarsa tana dafa ƙosai. Ka gane sarai, amma sai ka danne dariya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci nasu ninki biyu ne: Hausa ta ce "ina da shekara ashirin", Faransanci ma haka yake ginawa, to me zai hana su rubuta *I have twenty years*?

Ta uku ita ce mai wuyar sha'ani. Nahawu lafiya lau, kalmomi sun dace, amma an lafta wa jimla ɗaya kayan jimla uku, kamar motar ƙauye ranar kasuwa, buhu kan buhu ga akuya a sama. Ko kuma tunanin da kansa bai nuna ba tukuna aka sauke shi.

Wannan rabewar tana da amfani har a wajen maki. A insha'in Turanci na WAEC, wanda ake so ya kai kalma 450, maki 50 ake rabawa: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 10 na tsabtar nahawu da haruffa da alamomin rubutu, 20 kuma na yadda ka sarrafa harshen. Ke nan zaman jimla da dacewar kalma sun ninka tsabtar nahawu. A rubutun IELTS ma, wato jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, ma'auni huɗu ne masu nauyi ɗaya, nahawu kashi ɗaya ne kacal cikin huɗun.

To, mu fara da manhajar duba nahawu, tunda ita ce mafi kusa da hannu. Tun jan layin da Microsoft Word ke yi a ƙarƙashin kalma aka san irinta. Grammarly, wadda wasu 'yan Yukiren suka kafa a 2009, ita ta fi suna. Akwai LanguageTool, da ke duba harsuna da dama ban da Turanci. Kowace tana da ɓangaren kyauta da na kuɗi, na kuɗin kuma da kuɗin waje ake biya, wanda a halin da naira ke ciki ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi.

Mun liƙa jimlar a ɗaya daga cikin irin waɗannan. Nan take ta ce a cire *but*, a cire *to* bayan *made me*, a sa *a* kafin *hospital*. Gyara ne na gaskiya, cikin daƙiƙa kaɗan, ba kunya ba jin nauyi, ko da ƙarfe biyun dare ne. A cutar farko babu mai kama ƙafar waɗannan manhajoji wajen sauri. Amma da muka karɓi duk gyaran muka sake karantawa, jimlar tana nan da nauyinta. Ta yi wanka dai, ba ta rage ƙiba ba. Aikin manhajar shi ne ta nemi inda aka saɓa wa tsarin da ta sani. Ba ta tambayar ka me kake nufi, saboda haka duk abin da ya yi daidai a nahawu amma ya karkace a ma'ana, sau da yawa wucewa yake ta gabanta salin-alin. Wani abin kuma, mai danna "karɓa, karɓa, karɓa" ba ya koyon komai. Na ga ɗaliban da suka shekara biyu da irin wannan manhaja a waya, ranar da aka ba su takarda da biro *made me to* ɗin nan ya dawo kamar ba a taɓa korar sa ba. In za ka yi aiki da ita, ka saita ta kan Turancin Ingila in shi kake rubutawa, kada ta riƙa ja maka layi a *colour* da *centre*.

Ƙirƙirarriyar basira wani babi ne daban. Tun da aka saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, kusan duk takardar neman aiki ko karatu da aka kawo mini sai na ji ƙanshinta a ciki. Muka ba wa ɗaya daga cikinsu jimlar, muka ce ta gyara. Ga abin da ta dawo mana da shi:

*Growing up in a remote community with limited access to healthcare, I developed a deep passion for supporting women through the challenges of childbirth.*

Yarinya ta yi tsalle. "Kawu, ai shi ke nan, wannan ya yi!"

Na ce ta karanta mini da ƙarfi. Ta karanta. Na ce, "To, ina ke a ciki?" Ta yi shiru.

Turanci ne sumul, ba inda za ka sa jan biro. Amma yarinya daga Indiya, ko Biyetnam, ko Kenya za ta iya sa hannu a ƙarƙashinsa ba tare da canja harafi ɗaya ba, kuma masu tantance takardun nan irinsa suke gani tuli. Kayan aro ba ya rufe katara: ranar ganawa ta baki, in aka ji Turancin bakinta ya yi hannun riga da na takardarta, zargi ya shigo. Haɗarin ma bai tsaya kan wanda ya yi aron ba. A 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura, suka ba su insha'in jarrabawar Turanci ta TOEFL da mutane suka rubuta da hannunsu, waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne. Fiye da rabi aka yanke musu hukuncin cewa na'ura ce ta rubuta. Saboda haka ina ba ɗalibaina shawara su riƙa ajiye rubutunsu na farko mai gyare-gyare, ko don ranar da za a ce su kawo shaida.

Duk da haka ban ce a jefar da ita ba. Laifin yana ga umarnin da muka ba ta. Da muka koma muka ce kada ta sake rubuta komai, ta lissafo kurakuran ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi dalilin kowanne, sai ta zama wani abu daban, kusan malami. Ta kamo *women that they*, ta kamo *interest to help*, ta yi bayani. Wata dabarar da nake so ita ce ka rubuta taka, ka ce ta ba ka siga biyu ko uku da mafi ƙarancin canji, sannan ka jera su kusa da taka ka nemo bambancin da idonka. Masanin koyon harshe Richard Schmidt, wanda ya bibiyi yadda shi da kansa ya koyi harshen Fotugal a Barazil, ya kafa hujja a 1990 cewa abin da mai koyo ya lura da shi da saninsa shi ne ke zama nasa. Gyaran da aka yi maka kana kallon wani wuri ya tafi da takardar.

Sai ka riƙe abu biyu. Na ɗaya, tana iya ƙaga maka doka ta faɗe ta da cikakken ƙarfin hali, har da misalai, alhali babu ita. Duk dokar da ta ba ka wadda ba ka taɓa ji ba, ka tabbatar a ƙamus. Na biyu, abin da ka liƙa ya bar wayarka ya tafi kwamfutocin kamfani. Takardar ofis mai sirri, ko bayanin majinyaci, ba wurinsu ba ne.

Akwai masu rubutawa da Hausa su ba Google Translate, wanda ya fara karɓar Hausa tun 2013. Don gane saƙon da aka turo maka yana da rana. Don gyaran jimla kuwa, ka ƙara wa kanka aiki ne, domin yanzu kurakurai biyu za ka nema, naka da nasa.

Hanya ta uku ita ce wadda matasa suka fi gudu, ni kuma ita na fi yarda da ita, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kanta. Yawancinmu mun ɗauka aikin ƙamus shi ne ba da ma'anar kalma mai wuya. Amma kalmomin da ke kayar da mu ba masu wuya ba ne. Wa bai san *interest* ba, ko *make*, ko *discuss*? Abin da ba mu sani ba shi ne me ke biyo bayansu. Akwai ƙamus da aka yi musamman don wannan. A. S. Hornby, Baturen Ingila da ya koyar da Turanci a Japan, ya lura ɗalibansa sun san ma'anar kalmomi amma ba su iya jera su ba. Ƙamus ɗin da ya haɗa da abokan aikinsa an fara buga shi a Tokyo a 1942, Oxford ta fitar da shi a 1948, shi ne kakan Oxford Advanced Learner's Dictionary da ke cikin kusan kowace makarantar sakandare. Shi da takwarorinsa na Longman da Cambridge duk suna intanet kyauta yanzu.

Na sa yarinyar ta buɗe *interest*. Na ce kada ta karanta ma'anar, ta sauka kan misalai. Ta ga *interest in doing something*. Ta buɗe *make*, ta gangara har inda aka nuna *make somebody do something*, ba *to* a tsakani, sai in an juya jimlar an ce *was made to do*. Ta ɗago ta ce, "Au, ashe shi ya sa nake ganin *to* ɗin wani lokaci." Wannan "au" ɗin shi nake nema. Manhajar farko ta cire mata *to* ɗin minti ashirin kafin nan, ba ta ce au ba.

Don cuta ta biyu kuwa, ta abokan tafiya, akwai ƙamus na musamman, Oxford Collocations Dictionary, da ya fara fitowa a 2002. Ba ya ba da ma'ana. Ka buɗe *decision*, sai ya jero maka aikatau da sifofin da ke tafiya da ita. Wanda ya saba cewa "yanke shawara" zai ga ba a yanka ta a Turanci, *make* ko *take* ko *reach* ake yi.

Bayan ƙamus sai rumbunan rubutu, wato tarin rubuce-rubucen gaske da aka zuba a kwamfuta don a bincika. COCA, wanda Mark Davies ya haɗa, yana da kalmomi sama da biliyan ɗaya na Turancin Amurka, daga jaridu, littattafai, hirarraki da rubutun jami'a. SkELL ya fi sauƙi ga mai koyo: ka rubuta kalma ya ba ka jimloli da dama da ta fito a ciki, da kalmomin da ta fi zama kusa da su, kyauta, a waya ma yana buɗewa. Google Books Ngram Viewer, da aka buɗe a 2010, kana rubuta siga biyu ka raba su da waƙafi, ya zana maka layin yawan fitowar kowace a littattafai. Gwada *heavy rain* da *strong rain*, za ka ga ɗaya a sama ɗaya tana jan ciki a ƙasa. Amma kada ka maye gurbin waɗannan da binciken Google na yau da kullum. In ka nemi *discuss about* za ka samu shafuka ba iyaka, domin duniya cike take da masu kuskure irin naka, yawan jama'a a nan ba hujja ba ne.

Aibin wannan hanya a bayyane yake. Tana cin lokaci: jimla ɗaya ta ɗauke mu kusan rabin awa. Kuma sai ka yi zargin wuri kafin ka bincika shi. Wanda bai taɓa jin cewa *although* da *but* ba sa haɗuwa ba, me zai kai shi buɗe ƙamus a kai? A nan karatu ke shigowa. Mai karanta rubutaccen Turanci mai kyau kullum, ko shafi biyu ne, kunnensa ne zai fara tsayar da shi kafin ya san dalili. Ina sa ɗalibaina su ajiye ɗan littafin rubutu, shafi a raba biyu: hagu abin da na rubuta, dama yadda ake faɗa, kuma a kwafi jimlar gaba ɗaya, ba kalma tsirara ba. Wanda ya yi wata uku yana haka zai tarar kurakuransa ba su da yawa kamar yadda yake tsoro. Guda goma ne ko sha biyar suke ta canja riga suna dawowa.

Da muka gama da ƙamus, jimlar ta tsabtata, amma har yanzu wani abu na damuna, kuma babu ɗaya cikin hanyoyi ukun da ya taɓo shi yadda ya kamata. Na rufe kwamfutar. Na ce, "Ajiye Turancin nan. Faɗa mini da Hausa, kamar kina ba Inna labari. Me ya sa kika karanta jinya?"

Ta ce, "Kawu, ai ka san garinmu. Kafin ka kai babban asibiti awa biyu ne a kan babur. Ni da idona na ga mata naƙuda ta kama su a hanyar nan. Shi ya sa."

Na ce, "To ina 'ko da yake' a cikin abin da kika faɗa yanzu?"

Babu. Nisan asibitin shi ne dalili, ita kuma ta rubuta shi kamar wani cikas da ta tsallake. *Although* ɗin tun farko ba shi da wurin zama, ta sa shi ne don tana jin jimlar da ta fara da shi ta fi kama da ta masu ilimi. Ta sake rubutawa da kanta, sau ɗaya kawai ta leƙa ƙamus don ta tabbatar da yadda ake cewa naƙuda ta kama mace:

*The nearest hospital is two hours from my village by motorcycle. I have seen women go into labour on that road. That is why I studied nursing.*

Babu kalmar da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare bai sani ba, kuma babu wanda zai iya sa hannu a ƙarƙashinta sai ita. Ana yawan gaya wa masu koyo su daina tunani da Hausa, su yi da Turanci. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Fassara kalma bayan kalma ita ce matsala. Amma in tunani ya cukurkuɗe, ka warware shi da harshen da ka fi ƙarfi, ka ga guda nawa ne, sannan ka gina kowanne daga tushe da kayan Turanci.

Wannan tambayar, "me kike nufi?", ita ce abin da mutum ya fi sauran da shi. Amma ba kowane mutum ba. Akwai malamin da in ka kai masa jimla mai sauƙi sai ya mayar maka da ita ta kumbura, ya cusa *sequel to*, da *humbly wish to*, da *aforementioned*, domin a zamaninsa dogon Turanci shi ne alamar an sha karatu. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Akwai aboki mai kara, ya karanta ya ce "wallahi ya yi kyau" don kada ranka ya ɓaci, ka tafi da kurakuranka cikin farin ciki. Akwai kuma mai karɓar kuɗi a shagon kwamfuta ya sake rubuta maka komai, wanda a yau galibi shi ma na'urar zai ba. Baturen asali ma ba lallai ya fi ba. Zai ji cewa jimla ta karkace, amma da wuya ya san daga ina karkatar ta taso. Wanda ya iya harsunan biyu yana ganin Hausar da ke kwance a ƙarƙashi, ya ce maka "wannan 'wanda' ce ka fassara", ka warke daga cutar gaba ɗaya maimakon jimla ɗaya. Alamar mai gyara nagari ita ce ya yi maka tambaya kafin ya cire murfin biro. Kai kuma ka roƙe shi ya ja layi kawai, ya bar maka gyaran. Matsalarsa ɗaya: ba ya samuwa kullum, kuma in ka dame shi sau uku a mako zai fara ƙin ɗaga waya.

Wani hanzari ba gudu ba. Ba duk abin da ya saɓa wa Turancin Landan ne kuskure ba. David Jowitt, Baturen da ya shafe shekaru yana koyarwa a jami'o'in Kano da Jos, ya yi dogon nazari a kan Turancin Nijeriya a matsayin abu mai tsarinsa. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 daga Nijeriya, har da *Kannywood*, *okada* da *next tomorrow*. In ka ce wa abokin aikinka a Kaduna *I am coming* kana fita, ko *well done* ga mai aiki a rana, ya gane "ina zuwa" da "sannu da aiki" kake nufi, ba abin gyarawa. Manhaja ba ta san wa kake rubuta wa ba, mai jarrabawar IELTS kuma ba zai ba ka maki a kai ba. Kai ne za ka san mai karatunka.

To wanne za a ɗauka? Ya danganta da abin da kake son gyarawa, takardar ko hannun da ya rubuta ta.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke musayar saƙo da mai kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ta WhatsApp ba ya bukatar komai sai gajerun jimloli, adadi a rubuce da lamba, da manhajar nahawu ta kyauta. Wanda ke can ɗin ma Turancin aro yake yi, ado ruɗa shi zai yi. Ma'aikacin da ke rubuta wasiƙun ofis kullum, manhajar ta ishe shi, in ya haɗa da ƙamus a buɗe a gefe, ya kuma kiyaye abin da yake liƙawa. Wanda takardarsa za ta tafi gobe da safe, ba lokacin koyo ba ne: ya ba ƙirƙirarriyar basira, ya ɗaure mata hannu da umarnin kada ta ƙara komai kuma kada ta canja ma'ana, sannan ya karanta abin da ta dawo da shi da ƙarfi, duk kalmar da ba zai iya faɗa da bakinsa ba ya cire ta.

Mai shirin WAEC, NECO ko IELTS kuwa, a ɗakin jarrabawa ba waya, ba intanet, ko IELTS ta kwamfuta ba ta ja maka layi a ƙarƙashin kuskure. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ƙamus da littafin kurakurai ne abincinsa na kullum, malami sau ɗaya a mako in ya samu, na'ura kuma sai bayan ya gama nasa gyaran, don ta nuna masa abin da ya tsallake. In aka ce in zaɓi ɗaya tak ga mai koyo, ƙamus ɗin masu koyo zan ɗauka, don shi kaɗai ne ya haɗa waɗannan duka: kyauta ne, ba ya gajiya, ba ya ƙaga doka, kuma ba ya yi maka aikin. Takarda irin ta ɗiyar yayata, wadda kai kanka ake son a gani a ciki, ita ce wadda ba zan bari ta fita ba sai mutum ya karanta.

Mun ɗauki Asabar uku kafin takardar ta kammala. Har yanzu *a* da *the* suna ba ta wahala, domin Hausa da "wani" da ɗafa "-n" ko "-r" take wannan aiki, kuma iyakokin ba su faɗa wuri ɗaya ba. Na ce mata wannan sai a hankali, karatu ne ke kawo shi.

Ran nan da daddare sai ga saƙonta. Hoton shafin littafinta ne, ta kai lamba 34. A ƙasa ta turo hoton wani saƙo da ni na rubuta a zauren WhatsApp na danginmu, inda na sanar da taron da za a yi kan gyaran gidan kaka, da Turanci saboda surukanmu da ba sa jin Hausa. Ta zagaye *discuss about* da ja. Ta rubuta, "Kawu, in sa a hagu ko a dama?"

Na koma na duba saƙon nawa sau biyu. Yana nan, ni na rubuta. Sai da na yi sallar isha'i na ci tuwo sannan na amsa mata: a hagu.